Kekunan Hawan Dutse Sun Cika Sabon Gari, Saura Turbar da Za Su Bi

Daga Wakilinmu

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, keke ya sake samun daraja a birnin Kano. Ma'aikata da 'yan makaranta da ƙananan 'yan kasuwa da dama, waɗanda a da suke ganin sun girmi hawan keke, sun jingine babur sun koma ga abin da ba ya shan mai. Amma duk wanda ya ratsa ta rumfunan masu sayar da kekuna a Sabon Gari da Fagge zai lura cewa ba irin Raleigh da Phoenix na iyayenmu ne suka fi yawa ba. Abin da ya cika rumfunan shi ne keke mai giya, mai kaurin taya da gajeren firam, sabo da na hannu, wanda akan shigo da shi daga Turai da ƙasashen Asiya.

Mai saye yana sha'awarsa ne domin yana jure rami da yashi. Kaɗan ne suka san cewa ba domin kwalta aka ƙera shi ba. Keken hawan dutse ne, kuma kowane sashe na jikinsa yana faɗin haka. Haƙoran da ke kan tayar domin kama ƙasa da tsakuwa ne. Giyar nan mai hawa-hawa, wadda takan kai 18 ko 21, domin mahayi ya hau tudu ne ba tare da ya sauka ya tura ba. Shokazobar gaba kuwa aikinta ta shanye dukan dutse da saiwar itace kafin ya kai ga hannun mai tuƙi. A kan titin Murtala Mohammed duk waɗannan nauyi ne kawai, shi ya sa da zarar giyar ta fara gardama sai mai gyara ya cire ta, ya rage tsawon sarƙa, keken ya koma kamar kowane keke.

Asalin wannan keke yana gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya a Amurka. A cikin shekarun 1970 waɗansu samari suka riƙa tattara tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga kan duwatsun yankin. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tsere a kan hanyar daji mai tsawon kilomita 3 da 'yan kai, wadda ke gangarowa wajen mita 400. Sunan da suka ba tseren, watau Repack, daga wahalar birki ya samo asali, gama kafin a kai ƙasa birkin yakan yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake cusa wani. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman domin wannan hawa, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da samfurin Stumpjumper aka fara sayar da shi da yawa. Abin da ya fara kamar wasan yara ya zama gasar duniya a 1990, ya kuma shiga wasannin Olamfik a Atalanta a 1996.

Afirka ba ta tsaya kallo ba. Tun 2004 Afirka ta Kudu ke shirya gasar Cape Epic, inda mahaya bibbiyu ke yin kwana takwas suna ratsa duwatsu da gonaki. Amma misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na Ruwanda, ƙasar da ta fito daga kisan ƙare dangi a 1994. A 2011 ta buɗe wata turba mai tsawon kilomita 227 a gefen Tafkin Kibu, daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda ke bi ta ƙauyuka da gonakin kofi da na ayaba. Galibinta hanyoyin da mutanen karkara suka saba bi ne, aka sa musu alamomi, aka tanadi masauki da 'yan jagora. Shekara guda bayan haka ɗan ƙasar, Adrien Niyonshuti, ya yi tseren keken dutse a Olamfik na Landan, shi ne ma ya riƙe tutar ƙasarsa. Mu kuwa, sai a 2024 'yar Nijeriya ta farko, Ese Ukpeseraye, ta shiga tseren keke a Olamfik na Faris, kuma da aka zo tseren cikin fili sai da 'yan wasan Jamus suka ara mata keke.

To, ina Jihar Kano za ta sami duwatsu da kwaruruka? Mutumin birni, wanda bai san wani tudu ba sai Dala da Gwauron Dutse, yana iya ɗauka tambayar ba ta da amsa. Sai ya kama hanyar Jos tukuna. Daga Tudun Wada ƙasa takan fara sauya kama, itatuwa su yi kauri, har a shiga Dajin Falgore, kimanin kilomita 150 daga Kano. Turawan mulki ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900, ya kuma taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Daji ne na doka da maje da kaɗanya, wanda aka san shi da gwanki da gada da birai. Kogin Kano yana ratsa shi kafin ya zuba a Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin marigayi Audu Bako ta kammala a 1974. Can kudu kuma ga duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, waɗanda su ne suka fi ko'ina tudu a jihar. Tudu, da inuwa, da ƙorama, da kwari: abin da Baturen da ya ƙera keken nan yake nema ke nan.

Babban abin da ya tare hanya kowa ya san shi. A tsakiyar shekarun 2010 sunan Falgore ya zama abin tsoro saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane, har direbobin hanyar Jos suka riƙa gudun ratsa shi da dare. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta kai atisayen Harbin Kunama na biyu cikin dajin. Ba wanda zai tura ɗansa yawon keke inda bai amince da lafiyarsa ba, kuma ba wakilin jarida ne zai ce wa jama'a su tafi ba. Sai dai akwai abin lura a nan. Dajin da mutanen kirki suka ƙaurace wa, shi ɓarawo yake so. Inda ake da ma'aikatan gandun daji masu albashi, da 'yan jagora daga ƙauyukan gefe, da baƙi masu shiga da fita a rubuce, maɓoya takan yi wuya.

Wani zai ce ai share turba abu ne mai sauƙi, a ba matasa adda da fartanya kawai. Nan ne kuskure yake, gama turbar da aka yi da ka, damina ɗaya ta isa ta mai da ita kwazazzabo. Ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, wadda aka kafa a Amurka a 1988, ta tsara ƙa'idodin da aka gwada a ƙasashe da yawa. Ba a miƙe turba daga ƙwanƙolin tudu zuwa gindinsa, domin nan ce hanyar ruwa; ana kewaya ta ne a jikin tudun kamar yadda shanu ke yi. Gangarar turbar kada ta wuce rabin gangarar tudun da take bi. A matsakaici, cikin kowace mita 100 kada hawan ya wuce mita 10. Sa'an nan akan ɗan karkatar da fuskar turbar waje, a kuma bar ta tana ɗan hawa da sauka, yadda ruwan sama zai tsallake ta ya wuce maimakon ya bi ta yana cin ƙasa. Wanda ya ga yadda zaizaya ta cinye hanyoyin ƙauyukanmu ya san wannan ba surutun masu littafi ba ne. Ga Falgore kuma batun ya fi haka nauyi, domin ƙasar da ruwa ya kwasa daga can, a Tiga za ta kwanta, kuma da ruwan Tiga manoman Kadawa da Kura ke noman rani.

Har wa yau akwai masu wurin. Turbobin da ke gefen dajin ba kango ba ne. Makiyaya suna da burtalinsu, mata suna bi da tallan nono, kuma manomin Doguwa ya daɗe yana hawa da sauka a kan tsohon kekensa da buhun masara a kariya, ba giya ba hular kwano, ba kuwa wanda ya taɓa ba shi lambar yabo. Idan aka zana turba a ofis ba a zauna da dagatai da ardo-ardo ba, ranar da ɗan birni ya gangaro a guje ya tarwatsa garke, ranar za a rufe ta. Idan kuwa ɗan ƙauyen ne ɗan jagora, shi ne mai faci, matarsa ce mai sayar da abinci, to, shi zai fara tsare ta.

A ganin wakilinmu bai kamata a fara da tsakiyar Falgore ba. Kewayen Tiga da duwatsun Rurum a ƙasar Rano sun fi kusa da birni, akwai kwalta har can, akwai garuruwa, kuma mutum yana iya tashi daga Sabon Gari da safe da kekensa a bayan mota ya dawo kafin magariba. Gajeriyar turba mai alamomi, wadda za a gwada tsakanin Nuwamba da Fabrairu lokacin da ƙasa ta bushe zafi bai sauka ba, ta isa ta nuna ko jama'a na so. Kuɗinta ba zai kai na kilomita ɗaya ta kwalta ba. Masu gyaran keke na Sabon Gari da Fagge su ma sai sun koyi saita giya da gyaran shokazoba, a daina cire su ana yarwa, 'yan kasuwa kuma su fara kawo kayan gyaransu tare da hulunan kwano.

Shi kansa Falgore akwai maganar da sai hukuma ta warware. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a mai da shi ɗaya daga cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa, abin da ke nufin Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa tana da ta cewa a kansa. Saboda haka duk wata turba da za ta shiga cikinsa, sai Gwamnatin Jiha da wannan hukuma da sojojin da ke tsaron wurin sun zauna sun yanke wanda zai ba da izinin shiga, da wanda zai karɓi kuɗin ƙofa, da kason da zai koma ga ƙananan hukumomin nan uku.