Shaidar da Ƙashin Zabo ke Bayarwa

Mutane da yawa sun ɗauki zabo tamkar kaza ce mai zane, tunda a akurki ɗaya suke kwana, kuma sau da yawa kaza ce ke ƙyanƙyashe ƙwan zabuwa. Ƙasusuwansu ba su yarda da haka ba.

Mu fara daga kai. Zankon zakara tsoka ce, da ya mutu sai ta ruɓe. Ƙahon da ke kan zabo kuwa ƙashi ne da ya tsiro daga ƙoƙon kai, wani kauri irin na farce ya lulluɓe shi, shi ya sa ko bayan shekaru aru-aru ana gane ƙoƙon. A ƙafa ma haka: zakara na da ƙaimi mai ƙashi a ciki, zabon gidajenmu ba shi da shi. Abin da ya fi ban mamaki yana wajen zabo mai tukku na kurmi. Ƙashin nan mai reshe biyu da ke gaban ƙirjinsa ya yi ɗan aljihu a inda rassan suka haɗu, bututun numfashi ya lanƙwasa ya shige ciki. Ba a samun wannan a jikin kaza. Dalili kuwa, asalinsu daban ne: jinsunan zabi duka 'yan Afirka ne, ita kuma kaza daga dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ta fito.

Wani zai ce, a sa cinyar zabo da ta kaza a akushi ɗaya, wa zai bambanta ƙashin? Yana da gaskiya. Su biyun da fakara dangin juna ne, tsuntsayen ƙasa masu ƙarfin ƙafa, masu tashi fir su sauka nan kusa, don haka ƙashin cinya da na fiffike sun yi kama ƙwarai. Sai dai wannan kamar ita ce ta sa bincike ya zama dole. Mai haƙar kufai ba ya samun ƙoƙon kai cikakke kullum, guntaye yake tsinta a tsohon juji. In ya kira ƙashin zabo na kaza, ya shigo da kaza Afirka tun kafin ta zo. Saboda haka ne a 1992 masani Kevin MacDonald ya wallafa nazari kan alamomin da ke raba ƙashin kaza da na zabo da na fakara. Da irin wannan tantancewa aka gane ƙashin kaza a kufan Jenne-jeno da ke Mali, a ƙasar da ta taru tsakanin shekara ta 500 da ta 850 miladiyya. Lokacin nan zabo ya daɗe yana kiwo a dajin yankin, kaza kuwa baƙuwa ce.