Gasar haɗa sauti: gyara ba tare da kashe waƙa ba

A gasar haɗa sauti, aiki ɗaya ake ba kowane ɗan takara: waƙar da aka naɗa a dandali, kowane makirufo da layinsa. Nan wahalar take, domin amon ganga yakan kutsa cikin makirufon mawaƙi. Da yake sauti mita 343 yake ci a daƙiƙa, yakan isa can a makare; idan an gama layukan biyu, sai gangar ta rasa nauyinta. Gwani yakan daidaita lokacinsu, ya rage kaurin da ya wuce kima. Amma wanda ya share tafin jama'a da numfashin mawaƙi ya raba waƙar da ranta, alƙalai kuwa ba su rasa jin haka.