BAYANI: Haɗarin shan Diclofenac tare da wasu magunguna

A Gwarzo da Kabo, kamar sauran yankunan noma na yammacin Kano, wanda ya wuni a gona yakan biya ta kemis ya nemi "maganin gajiya". Sau da yawa ana ƙulla masa ƙwayoyi uku ko huɗu babu suna, cikinsu har da Diclofenac, Piroxicam ko Ibuprofen. Waɗannan dangi ɗaya ne, masu kashe zafi da kumburi, kuma haɗarinsu ya fi yawa idan sun tarar da wani magani a jiki.

Suna aiki ne ta hanyar rage wani sinadari mai haddasa raɗaɗi. Sai dai sinadarin nan shi ne ke kare bangon ciki, yake kuma taimaka wa jini ya isa ƙoda.

Don haka shan biyu daga cikinsu lokaci guda, ko haɗa ɗaya da Aspirin, Prednisolone ko Dexamethasone, yana ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini. Ga mai shan Warfarin, maganin tsinka jini, lamarin na iya kai wa ga rasa rai.

Masu hawan jini su ma suna cikin haɗari. Diclofenac yana rage ƙarfin magunguna irin su Lisinopril da Losartan. Idan aka haɗa da maganin sa fitsari, ga zafin rana da ƙarancin shan ruwa, ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki.

A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana ba masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa shanyewar ɓarin jiki Diclofenac. A 2020 takwararta ta Amurka ta gargaɗi masu juna biyu da su guji wannan dangi daga mako na 20.

Baƙin bayan gida, aman jini, kumburin ƙafa ko raguwar fitsari alamu ne na a daina sha a tafi asibiti nan take. Duk mai zuwa wurin likita ya tafi da kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya.

Lasisin kemis bai ba shi damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba, kuma sa ido aikin Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ne da NAFDAC. Gwarzo da Kabo na da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai. Matasan mazaɓar na da 'yancin tambayarsa: sau nawa masu duba kemis ke zuwa ƙauyukanmu?