CIWON DAJI NA NONO: ABIN DA YA KAMATA KO WANE GIDA YA SANI

Wannan 'yar takarda domin mata aka buga ta, amma mun san a gidaje da yawa maigida ne ko ɗan makaranta zai fara ɗaukarta. To, muna roƙon wanda duk ta faɗa hannunsa ya karanta wa mutanen cikin gida, kada ya tsallake wani wuri saboda kunya. Maganar da ke cikinta ta rai ce.

Ciwon daji na nono, wanda waɗansu ke kira sankara, shi ne dajin da ya fi kama mata a duniya. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shekarar 2022 kaɗai an sami mata wajen miliyan 2 da dubu 300 da wannan cuta, wajen 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya an ƙiyasta sababbin masu ciwon a wannan shekara sun haura 30,000, waɗanda suka rasu kuwa wajen 16,000 ne. Amma ga abin lura. A ƙasashe masu wadata, cikin mata 10 da aka samu da ciwon, 9 suna nan da ransu bayan shekara 5. Babban abin da ya bambanta mu da su shi ne lokacin da mace ta ke isa gaban likita. Su kan je tun ƙullutun bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Mu kuwa yawancin matanmu ba a kai su sai ciwon ya riga ya yi nisa.

Yadda ciwon ya ke

Jikin mutum an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna hayayyafa bisa ƙa'ida, tsofaffi su mutu sababbi su maye gurbinsu. Wani lokaci sai wata ƙwaya cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi ta ɓaci, ta dinga hayayyafa ba tsayawa, har 'ya'yanta su taru su zama ƙullutu. In an bar shi, sai ya aika da iri zuwa kaluluwar hammata, daga nan ya bi jini zuwa ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. Muddin yana cikin nono da hammata ana iya raba mace da shi. In ya kai waɗancan wurare, likita zai iya rage masa gudu, ya kashe zafi, ya ƙara wa mai ciwo kwanakin jin daɗi, amma warkewa sarai ta yi wuya.

Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko wankin tufafin mai shi. Ba sammu ba ne, ba kuwa ajiye kuɗi cikin rigar nono ke kawo shi ba. Wajen rabin masu kamuwa ba a samun wani dalili gare su im ban da kasancewarsu mata da kuma wuce shekara 40. Ƙiba da shan giya da rashin motsa jiki suna ƙara haɗari, shayarwa mai tsawo kuwa tana rage shi kaɗan, ko da ya ke ba ta hana shi. Akwai wanda a ke gado, saboda haka wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi shi, lalle ta gaya wa likita. Maza ma su kan kamu, kamar mutum 1 cikin masu ciwon 100.

Abin da za a duba

Ga inda a ke yin kuskuren da ya fi ko wane tsada. Mun saba auna cuta da zafinta, abin da ba ya zafi ba mu kula shi. Dajin nono kuwa galibi ba ya zafi da farko. Mace ta kan ji ɗan ƙullutu mai tauri tana wanka, ta latsa ta ji ba ciwo, ta ce ai ba kome. Wannan rashin zafin shi ya kamata ya tashe ta tsaye.

Sau ɗaya ko wane wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar haila, mace ta tsaya gaban madubi ta dubi nonuwanta hannu a sake, sa'an nan ta ɗaga hannuwa sama ta sake dubawa. Kana ta kwanta rigingine, ta shafa ko wane nono da cikin yatsu uku na ɗaya hannun, tana zagayawa har cikin hammata. Wadda haila ta ɗauke mata sai ta zaɓi rana guda, kamar ranar ganin wata. Abin da ta ke nema shi ne ƙullutu ko wani wuri mai kauri, ko fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka ya ke ba, ko jini yana fitowa daga gare shi, ko miki da ya ƙi warkewa, ko kaluluwa a hammata. Wadda ta kai shekara 40 ta tambayi likita zancen hoton nono da a ke kira mamogiram, gama shi ya kan nuna ƙullutu tun hannu bai iya jinsa ba.

Kada wadda ta ji ƙullutu ta yanke ƙauna. Mafi yawansu ba daji ba ne, har a kan sami 9 cikin 10 marasa lahani. Sai dai hannu ba ya rarrabewa, ko da na likita ne. Masu goyo su lura ƙwarai: nono ya kan kumbura ya yi ja da zazzaɓi saboda ƙwayoyin cuta, wannan kuwa magani na kwantar da shi. In an sha magani mako ɗaya ko biyu bai sauka ba, a koma asibiti, kada a ce a bari sai an yaye.

Zancen allura da wuƙa

Ba za mu yi kamar ba mu san abin da a ke faɗi cikin gari ba. Ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya haukace. Masu faɗin haka ba ƙarya su ke ƙagawa ba, abin da suka gani ne suka yi wa gurguwar fassara. Sun ga an kai wance asibiti, an yi mata aiki, ba ta yi wata uku ba ta rasu. Abin da ba su lissafa ba shi ne shekara guda ko biyu da ta yi a gida ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi tsaga, an sayar da akuya an biya mai magani, har ciwon ya riga ya isa hanta. Wuƙar ta zo ne bayan an gama ɓarna. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa suna nan cikinmu, suna zuwa biki da suna, ba a dai san su ba ne don ba su faɗi. Shi ya sa labarin mutuwa kaɗai ke yawo.

A asibiti likita zai duba da hannu, ya aika a ɗauki hoto, sa'an nan a kashe zafin wurin a sa wata allura a ɗebo ɗan tsoka siriri, a kai ɗakin bincike. Wannan gwaji shi kaɗai ke tabbatar da daji ne ko ba shi ba ne, shi ne kuma ke nuna irinsa, gama dajin nono iri-iri ne, ko wane da maganin da ya ke ji. Kada a yarda a yanke nono, ko a fara magani, ba tare da shi ba. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ya nemi a gama dukan binciken nan cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta. In an ga kwanaki na tafiya ba labari, a bi sawu.

Magani

Ba ko wace mace a ke cire wa nono ba. Tun 1985 bincike a Amurka ya nuna cewa in ƙullutu ƙarami ne, cire shi kaɗai a bi da gashi daidai ya ke da cire nonon duka wajen tsawon rai. Watau zuwa da wuri shi ke ceton nonon ma kansa.

Ban da fiɗa akwai magani mai ƙarfi da a ke sawa ta jijiya, wanda a ke kira kemo, galibi bayan ko wane mako uku, sau 4 zuwa 8. Ba za mu ɓoye ba, yana da wahala: ya kan kawo tashin zuciya da kasala, ya zubar da gashin kai, amma gashin na komowa bayan an gama. In zazzaɓi ya zo cikin kwanakin kemo, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Gashi kuma wani haske ne da na'ura ke haskawa a wurin, 'yan mintoci ko wace ranar aiki har mako 3 zuwa 5, ba a jin zafinsa sa'ad da a ke yi. Akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, a Yamai ma an buɗe ɗaya a 2021. Kafin a ɗaura kaya a tambayi likita inda na'ura ke aiki a lokacin.

Maganin nan duka yana cin kuɗi, kuma yanke shi a tsakiya ɓarna biyu ce, ta kuɗi da ta rai. Ya kamata dangi su zauna tun farko su ji lissafin dukan tafiyar. A kuma nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin a tambayi ko akwai asusun taimakon masu ciwon daji da za a iya shiga.

Bayan an gama

Wadda gwaji ya nuna dajinta na cin sinadarin jikin mace za a ba ta ƙwaya, yawanci tamoksifen, guda ɗaya kullum har shekara 5 zuwa 10. Mata da dama su kan bar ta da zarar sun ji ƙarfi, wannan kuwa buɗe wa ciwon ƙofa ne. Ta kan sa jin zafin jiki da gumi, abin da za a iya jurewa. Amma zubar jini ba lokacin haila ba, ko kumburin ƙafa ɗaya, tilas a kai wa likita. Ba a ɗaukar ciki ana shanta. Mai son haihuwa ta faɗa tun kafin a soma magani, gama da yawa sun haihu bayan sun warke, nono ɗaya kuma ya isa ya shayar da jariri.

Hannun da ke gefen da aka yi aiki yana bukatar kula, don in an cire kaluluwar hammata ya kan kumbura, wani lokaci bayan shekaru. A riƙa motsa shi yadda ma'aikatan asibiti suka koyar, kamar tafiya da yatsu a jikin bango ana ƙara sama kaɗan-kaɗan. A kiyaye shi daga ƙuna da yanka wajen girki, a bar awarwaro mai matsewa, a koma daka da jan ruwa sannu a hankali. Mai jin nauyin fita da gefe ɗaya a shafe tana iya samun nonon roba, ko tela ta ɗinka mata na auduga cikin rigar nono.

Maigida, a nan kai ne rabin maganin. Sau da yawa abin da ke hana mace faɗin ciwonta tsoron a juya mata baya ne, ko a yi mata kishiya tana kwance. Ka ba ta izinin zuwa asibiti ran da ta faɗa, ka raka ta ka ji bayanin likita da kunnenka. Kwana da ita ba ya cutar da kai, ba kuma ya tayar mata da ciwon.

Likita zai sa ranakun komowa, bayan wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara, tare da hoton nono ko wace shekara. Amma in sabon ƙullutu ya fito, ko ciwon ƙashi ko na baya ya ƙi tafiya, ko tari ya daɗe, ko ido ya yi rawaya, ba sai an jira ranar ba. A ajiye katin asibiti da takardar sakamakon gwajin tsokar nan cikin leda a ƙasan akwati, a riƙa tafiya da su duk asibitin da za a je, domin likitan da bai san mace ba da su zai san irin dajin da ta yi da maganin da aka riga aka ba ta.