Ƙungiyar da Ta Girmi Tanderun Ubangidanta: Tarihin Pohang Steelers

A gaɓar tekun da ke gabas da Koriya ta Kudu, daidai inda ƙasa ta lanƙwasa ta rungumi wani sashe na ruwa da ake kira Yeongil, akwai wani gari mai suna Pohang, wanda har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya shuɗe ba a san shi da wani abu ba face su da shanyar kifi; amma a yau in ka ambaci sunansa gaban masana tattalin arziki sai su tuna da ƙarfe, in kuwa ka ambace shi gaban ma'abota ƙwallon ƙafa sai su tuna da wata riga mai ratsin ja da baƙi. Waɗannan abubuwa biyu, watau ƙarfen da rigar, ubansu ɗaya ne, kuma ba ya yiwuwa a ba da labarin ɗayansu a bar ɗayan, domin kuwa ƙungiyar da muke nufin bayani a kanta, Pohang Steelers, a cikin harabar masana'anta aka haife ta, a nan ta yi wayo, a nan kuma take zaune har wa yau.

Mafarin al'amarin shi ne wani tsohon hafsan soja mai suna Park Tae-joon, wanda shugaban ƙasar na wancan zamani, Park Chung-hee, ya ɗora wa nauyin kafa masana'antar narkar da ƙarfe a shekarar 1968, a lokacin da ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin da ya ragargaza ta ba. Masanan Bankin Duniya suka duba lamarin, suka yanke hukunci cewa ƙasa matalauciya irin wannan, wadda ba ta da isasshiyar tama kuma ba ta da maƙeran zamani, ba ta isa ta riƙe irin wannan aiki ba. Da ƙofar rance ta rufe, sai aka karkatar da wani kaso na kuɗin da Japan ta yi alkawarin bayarwa a yarjejeniyar 1965, bayan mulkin mallakar da ta yi wa Koriya daga 1910 zuwa 1945, aka zuba shi cikin ginin. Saboda haka Park Tae-joon ya ɗauki dukiyar nan a matsayin amana mai nauyi, tamkar diyyar jinin kakanni, har ma an ruwaito cewa yakan faɗa wa ma'aikatansa in aikin ya faskara babu abin da ya cancance su illa su juya dama su faɗa cikin ruwan Yeongil. Kamfanin shi ne wanda duniya ta sani da POSCO. Narkakken ƙarfe na farko ya kwararo daga tanderunsa a watan Yuni na 1973. Ƙungiyar ƙwallon kuwa an kafa ta tun a watan Afrilu na wannan shekara. Ashe ke nan mutumin ya tanadi 'yan wasa wata biyu kafin ya ga ɗigon ƙarfen da zai ciyar da su, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin ƙwallo a zuciyarsa.

Shekaru goma na farko ƙungiya ce ta ma'aikata, irin wadda bankuna da kamfanoni da rundunonin soja suke riƙewa a wancan lokaci. A 1983 aka kafa babbar gasar ƙasar da ƙungiyoyi biyar kacal, POSCO na cikinsu, tare da Daewoo da Yukong da bankin Kookmin da wata ƙungiya ta mabiya addinin Kirista mai suna Hallelujah, wadda ita ce ma ta ɗauki kofin farko. Shekara ta zagayo ƙungiyar ta zama ta ƙwararru masu cin abinci da ƙwallo, ta yi ta sauya suna kamar yadda yaro yake sauya riga yana girma, daga Dolphins zuwa Atoms, har dai a 1997 ta tsaya a kan Steelers, wanda ma'anarsa ita ce ma'abota ƙarfe. A tsakanin nan ta ci gasar ƙasa sau uku, a 1986 da 1988 da 1992, biyun ƙarshe a hannun Lee Hoe-taik, wanda shi ma tsohon ɗan wasanta ne.

Amma a nawa ganin, kofunan nan ba su ne mafi girman abin da aka yi a wancan zamani ba. Abu biyu Park Tae-joon ya assasa waɗanda suka yi kama da waƙafi, watau abin da mai shi yake wucewa amfaninsa yana gudana. Na farko filin wasa ne da aka buɗe a 1990, wanda ake kira Steel Yard, shi ne kuma fili na farko a duk Koriya ta Kudu da aka gina domin ƙwallon ƙafa ita kaɗai, ba tare da hanyar 'yan tsere ta shiga tsakanin 'yan kallo da ciyawa ba. Ba wani makeken fili ba ne, bai kai cin mutum dubu 20 ba, amma kujerunsa sun matso har ɗan kallo yana jin numfashin ɗan wasa, kuma daga wani sashe nasa sojojin ƙundumbala na ruwa, waɗanda barikinsu yake a garin, sukan jeru suna rera waƙoƙinsu na fareti har fili ya ɗauka. Na biyun kuwa makarantu ne. Kamfanin ya gina wa 'ya'yan ma'aikatansa makarantu tun daga firamare har sakandare, aka sa ƙwallo a cikin tarbiyyarsu, har abin ya zama silsila wadda yaro zai shiga yana ƙarami ya fito yana sanye da rigar manya. Ta wannan ƙofa Lee Dong-gook ya fito a 1998, shi da daga baya ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a tarihin gasar ƙasar. Ta nan kuma Hwang Hee-chan ya bi kafin ya tafi Turai, har masu kallon gasar Ingila suka san shi a Wolverhampton.

Shekarun 1990 su ne zamanin wadata. A 1992 wani saurayi ɗan wasan baya mai suna Hong Myung-bo ya shigo, kuma a shekararsa ta farko aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya. Bayansa da shekara ɗaya Hwang Sun-hong ya iso, dogon ɗan wasan gaba wanda mutanensa suke yi wa laƙabi da shamuwa saboda tsawon ƙafarsa da kuma kamar da sunansa ya yi da sunan tsuntsun a harshensu. Duk wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 2002 ya ga mutanen nan biyu ko da bai riƙe sunayensu ba: Hwang ne ya ci ƙwallon farko a ragar Poland ranar da Koriya ta sami nasararta ta farko a tarihin gasar, Hong kuwa shi ne kyaftin ɗin da ya buga fenaretin da ya fitar da Sifen. A wannan zamani ne Pohang ta fara miƙa hannu waje, ta ɗauki kofin zakarun nahiyar Asiya sau biyu a jere, a 1997 bayan ta doke 'yar'uwarta Ilhwa Chunma, sa'an nan a 1998 bayan ta rinjayi Dalian ta ƙasar Sin a bugun fenareti.

Daga nan sai aka shiga shekarun fari, gasar ƙasa ta ƙi dawowa har shekara 15 tun daga 1992. Wanda ya karya wannan fari baƙo ne, wani mai horarwa daga Burazil da ake kira Sérgio Farias, wanda ya zo a 2005 ba tare da an san shi sosai ba. A 2007 ƙungiyarsa ta ƙare zagayen gasar a matsayi na biyar, amma da yake ƙa'idar wancan lokaci ta tanadi wasannin sili-ɗaya-ƙwale tsakanin na sama, sai Pohang ta bi waɗanda suka fi ta maki ɗaya bayan ɗaya tana kayarwa, har ta gama da Seongnam a ƙarshe. Mai adalci zai ce tsarin ya zalunci wanda ya yi shekara yana kan gaba, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ba Pohang ce ta shar'anta tsarin ba.

Shekarar 2009 ita ce ta cancanci a dakata a kanta. A wannan shekara shugabannin ƙungiyar suka shimfiɗa wa 'yan wasa wasu ladubba, cewa babu kwanciya a ƙasa don cin lokaci, babu jayayya da alƙalin wasa, kuma babu ja da baya don an riga an ci ƙwallo ɗaya. A gasar zakarun Asiya suka haɗu da Bunyodkor ta Uzbekistan, ƙungiya mai tarin dukiya wadda Luiz Felipe Scolari yake horarwa, Rivaldo kuma yake buga mata. Aka ci Pohang 3 da 1 a Tashkent, kowa ya ɗauka magana ta ƙare, sai ga shi a Steel Yard an rama da 4 da 1 bayan ƙarin lokaci. A watan Nuwamba suka doke Al-Ittihad ta Jidda da ci 2 da 1 a birnin Tokyo, suka zama ƙungiya ta farko da ta ɗauki kofin Asiya sau uku. Wannan nasara ce ta kai su Abu Dhabi gasar ƙungiyoyin duniya, inda abokiyar karawarsu ta farko ta zama zakarar Afirka, TP Mazembe ta Lubumbashi. A nan mai karatu Bakano yana iya yin ajiyar zuciya, domin kuwa a wannan shekara ce Kano Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, Heartland ta Owerri ta tare ta, ita kuma Mazembe ta tare Heartland. Da ƙaddara ta juya ta wata fuska, da Sai Masu Gida, watau Pillars, ne za su tsaya gaban ma'abota ƙarfe. Ko ta yaya dai, Mazembe ta fara ci, wani ɗan Burazil mai suna Denilson ya farke ya kuma ƙara. A wasa na gaba da Estudiantes ta Ajantina alƙali ya ba 'yan Pohang uku jan kati, har da mai tsaron gida, sai ga Denilson, wanda shi ne ya ci musu ƙwallonsu ɗaya tilo a wasan, ya sa safar hannu ya tsaya a raga har aka tashi 2 da 1. Suka koma gida da matsayi na uku a duniya.

Bayan wannan sai hannun ubangida ya fara tsukewa. Park Tae-joon ya rasu a Disamban 2011, kasuwar ƙarfe ta yi sanyi, kamfanin ya rage abin da yake bayarwa, alhali kuwa ƙungiyoyin da Hyundai take riƙewa a Ulsan da Jeonju suna ƙara ƙarfi. A 2013 Hwang Sun-hong, wanda ya dawo a matsayin mai horarwa, ya shiga gasar ba shi da ɗan wasan waje ko guda, har magoya baya suka riƙa tsokanarsa da sunan wani mai riƙon sarauta na ƙarni na 19 wanda ya rufe ƙofofin Koriya ga baƙi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Da yaran makarantar kamfani da gajerun bugun ƙwallo daga ƙafa zuwa ƙafa ya ɗauki kofin ƙalubale, sa'an nan ya isa ranar ƙarshe ta gasar ƙasa, 1 ga Disamba, yana bayan Ulsan da maki biyu, kuma a gidan Ulsan ɗin za a buga. Tsakanin garuruwan nan biyu na gaɓar gabas akwai tsohuwar adawa irin ta maƙwabta, ɗaya yana narkar da ƙarfe, ɗaya yana ƙera jiragen ruwa da motoci da shi. Kunnen doki ya ishi Ulsan, ta kuwa tsare gidanta har minti 90 ya cika babu ci. Cikin minti na biyar na lokacin da alƙali ya ƙara aka bugo ƙwallo gaban raga, aka yi ta turmutsutsu, sai wani ɗan wasan baya mai suna Kim Won-il, wanda ya yi aikin sojansa a barikin ƙundumbalar Pohang, ya tura ta ciki. Ba a taɓa haɗa gasar ƙasa da kofin ƙalubale a shekara guda a Koriya ba sai ran nan. Abin mamaki kuma, bayan shekara shida, a rana irin wannan ta 1 ga Disamba, Pohang ta sake zuwa Ulsan ta ci ta 4 da 1, ta fizge kofin daga hannunta ta miƙa wa Jeonbuk, alhali ita kanta ba ta cikin masu neman kofin.

Tun daga 2013 gasar ƙasa ba ta sake komawa Steel Yard ba, kuma kusan kowace shekara sai masu kuɗi sun zo sun ɗebe mafi kyawun 'yan wasanta, ita kuma ta koma makaranta ta ɗebo wasu. Duk da haka a 2021, a hannun Kim Gi-dong, ta sake kai wasan ƙarshe na Asiya, ta tarar da Al-Hilal a Riyadh, kowacce tana da kofi uku. Daƙiƙa 16 da fara wasa aka ci ta, aka tashi 2 da nema, Al-Hilal ta wuce ta a lissafi. A Satumban 2022 guguwar Hinnamnor ta cika masana'antar da ruwa, har tanderun POSCO suka tsaya cik a karo na farko cikin shekara 49. Da shekara ta zagayo, ƙungiyar tana cika shekara 50, ta ci Jeonbuk 4 da 2 a gaban sojoji da maƙera ta ɗauki kofin ƙalubale. Kim Gi-dong kuma ya bi sahun 'yan wasansa, ya tafi Seoul. Wanda aka damƙa wa ragamar bayansa shi ne Park Tae-ha, mutumin da bai taɓa sa rigar wata ƙungiyar ƙwararru a gasar ƙasar ba in ba mai ratsin ja da baƙi ba, kuma a ƙarshen Nuwamban 2024 ya kai yaransa birnin Seoul, suka tarar da Ulsan tana riƙe da kofin gasar ƙasa tana neman haɗawa da na biyu, ta ma fara cin su, suka farke, suka ƙara biyu a ƙarin lokaci, suka ɗauki kofin ƙalubale karo na shida.