Tsohuwar Masar a Hannun Marubutan Zamani

Yawancinmu a makarantar Lahadi muka fara jin sunan Masar, cikin labarin Yusufu da na Musa. Amma Masarawan dā su ma sun rubuta nasu labarai. An yi shekaru aru-aru ba mai iya karanta su, sai a 1822 wani Bafaranshe, Champollion, ya gano kan rubutun. Daga nan marubutan ƙagaggun labarai suka sami rumbun ɗiba.

Mu duba Najib Mahfuz, mutumin Alƙahira, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988. Wata tsohuwar takarda da ke ajiye a Berlin ta ce wani boka ya gaya wa Fir'auna Khufu, mai babban dalan nan na Giza, cewa 'ya'yan matar wani firist za su ci sarauta. Khufu dai ya yi baƙin ciki. A littafinsa na 1939, Mahfuz ya ƙara nasa: Khufu ya fita da mayaƙa don ya kashe jariri, aka tsere da yaron, ya girma ya zama jarumi, a ƙarshe sarkin da kansa ya ba shi gadon. A 1944 kuma ya rubuta yadda Masarawa suka kori baƙin da ake kira Hiksos. A lokacin sojojin Ingila na cikin Masar, masu karatu kuwa sun gane inda ya dosa.

Wani marubucin, Mika Waltari na ƙasar Finlan, ya ari sunan Sinuhe daga tsohon labarin wani bafade. A littafinsa na 1945 ya mai da shi likita, ya sa shi a zamanin Fir'auna Akhenaten, wajen shekara 600 bayan lokacin bafaden. Saboda haka kada ɗalibi ya kai irin wannan littafi ɗakin jarrabawar tarihi, kada kuma ya jera shi da Farawa ko Fitowa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. A nan Zariya Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus, ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Bambancinsa da mai kwafar aikin wani shi ne, ya ari iri, amma a gonarsa ya yi noman.

Ɗalibai, labaran kakanninmu na Ikara, Makarfi da Kudan ba a takarda suke ba, a bakin tsofaffi suke. In kun je hutu, ku zauna kusa da su da biro da littafi, tun suna raye.