Masu Ɗaukar Nauyin Naƙasassu a Ƙasar Adar

Duk wanda ya san ƙasar Adar, tun daga birnin Tawa har zuwa Barmu da Afala da Kalfu da Takanamat da ƙauyukan da ke maƙale a gindin duwatsun Keita, ya san cewa da zarar an yanke gero, an ɗaure dammuna, an zuba abin da Allah ya hore a rumbu, sai magidanta da samari su ɗaura niyyar tafiya biɗa, wasu su nufi Abijan, wasu Ikko ko Kano, wasu kuma su keta sahara zuwa Libiya da Aljeriya, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa a gabas, wani ma sai ya shekara biyu ko uku. Ana yawan zancen kuɗin da matafiyan nan suke aikowa da gine-ginen da ake yi da su. Abin da ba a cika zancensa ba shi ne hidimar da suke bari a bayansu, musamman a gidan da Allah ya jarrabi mutanensa da makaho, ko gurgu, ko yaron da wuyansa bai tsaya ba, ko tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye. Domin a irin wannan gida nauyin da ya kamata a ce mutum uku ko huɗu sun raba, kan mace ɗaya yake sauka, ita da ƙananan 'ya'yanta.

Ƙidayar jama'ar Nijar ta shekarar 2012 ta nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna da wata naƙasa, alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya abin ya kai kashi 16 cikin ɗari. Wannan rata ta samo asali ne daga bambancin yadda ake ƙidaya, da kuma kunyar da ke sa uwa ta ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki sa'ad da baƙo ya yi sallama. Sabubban naƙasa a wannan yanki sanannu ne. Akwai shan inna, wadda ko da yake an tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa asalin ƙwayarta ta ƙare a nahiyar Afirka, waɗanda ta shanye wa ƙafafu tun suna goye suna nan da ransu, sun zama magidanta da matan aure. Akwai sanƙarau, mai zuwa da bazara ya tafi ya bar yaro da kurumta. Akwai amodari da yanar ido. Akwai doguwar naƙuda a ƙauyen da ke nesa da likita, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun bai yi kukan farko ba. Akwai hatsarin kabu-kabu, da hawan jinin da ke kwantar da dattijo dare ɗaya. Akwai kuma wanda ya tafi biɗa da ƙafafunsa aka dawo da shi a kwance.

Mu leƙa cikin gida mu ga yadda aikin yake, domin wanda bai taɓa jinya mai tsawo ba yana zaton abinci ne kawai da magani. Majinyacin da ba ya iya motsi, wajibi ne a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, dare da rana, a duba ƙugunsa da duga-dugansa da kafaɗunsa, a tabbatar tabarmarsa a bushe take, saboda idan fata ta daɗe tana danne a wuri guda jini yakan daina ratsa ta, ta buɗe ta zama gyambon da ke iya ci har ƙashi, kuma sau da yawa gyambon nan ne ajalin mai shi, ba ainihin cutar da ta kwantar da shi ba. Yaron da jikinsa ke sandarewa ba a ɗura masa kunu yana kwance rigingine, sai an zaunar da shi, an tallabe kansa, an ba shi mai ɗan kauri kaɗan-kaɗan, don kada ya shaƙe abincin ya gangara huhu. Kuma kullum sai an miƙe masa gaɓoɓi a hankali, an lanƙwasa, don kada su ƙage. Mai farfaɗiya idan ta kayar da shi, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kada kuma a gudu a bar shi don tsoron yawunsa, domin farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma mafi yawan masu ita suna samun sauƙi da ƙwayar da ake sha kullum ba fashi. Sai dai a kiyaye shi da bakin murhu da bakin rijiya. Duk wannan ilimi ne da ake koya, kuma mafi yawan matan da ke yin aikin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu. Ga shi kuwa matar da ke wannan jinya ita ce mai surfe da daka, ita ce mai zuwa rijiya, a ƙasar da rijiya ke da zurfi, alhali jinya ba abin da take ci kamar ruwa.

Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama ba tare da wani tsari na kula da naƙasassu ba. Tun zamanin kakanni, a manyan garuruwa akan naɗa sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, waɗanda ke sasanta rigimar mutanensu, su karɓi baƙonsu, su tsaya musu a gaban sarki. Ga kuma sadakar Juma'a a ƙofar masallaci, ga ta ranar Lahadi da kasuwar Tawa ke ci, ga ƙwaryar hura da maƙwabciya ke miƙowa ta kan darni. Wannan tsari ya raya bayin Allah masu yawa, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Amma yana da aibi guda wanda ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba, wato ya mai da bara tamkar ita kaɗai ce sana'ar da ta dace da naƙasasshe, sa'an nan ya ɗaura wa kowane makaho ɗan jagora, yaro ko yarinya mai shekara bakwai ko takwas, wanda zai wuni riƙe da bakin sanda daga kasuwa zuwa tasha, sa'o'insa kuwa suna lakwal ko suna gaban malam da allo. Ta haka naƙasar mutum ɗaya take cinye rayuwar mutum biyu, talaucin uba ya zama gadon ɗa.

Idan muka koma ga abin da magabata suka bari, za mu tarar addini ya ɗora mana abin da ya fi sadakar ƙofar masallaci nauyi. Sahabin nan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kan sha'aninsa, ladani ne na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma an sha bar masa riƙon Madina idan aka fita yaƙi. Ashe ke nan an ba shi aiki da amana, ba a zaunar da shi a bakin hanya ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa naƙasassu abin masarufi daga baitulmali, ya sa wa makaho jagora, ya sa wa gurgu mai hidima, ya hana su roƙo. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Ahalari da Risala, sun yi bayanin sallar wanda ba ya iya tsayuwa, don kada uzuri ya fitar da kowa daga sahun masu ibada. A ƙasar Hausa ma, Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, amma ya ilimantar da masu ido. Fuƙaha'u kuwa sun sanya agaza wa gajiyayye cikin farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsayar da su sun ɗauke wa saura, idan kuma aka bar su kowa ya shiga zunubi. To, ina hukuncin unguwar da ta zuba ido mace ɗaya tana ɗauke wa mutum ɗari farilla har bayanta ya ƙage?

Masana lafiya na zamani sun isa ga wannan ra'ayi ta tasu hanyar. Bayan taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lura cewa ƙasashe matalauta ba za su taɓa iya gina cibiyoyin da za su ɗauki dukan naƙasassu ba, sai ta fito da tsarin farfaɗo da naƙasasshe a cikin jama'arsa, wanda aka ƙaddamar da cikakken jagoransa a Abuja cikin watan Oktoba na 2010. Manufarsa mai sauƙin fahimta ce: a zaɓi mutum daga cikin gari, a horar da shi, ya riƙa bi gida-gida yana koya wa uwa yadda za ta zaunar da ɗanta, yana nuna wa makaho yadda zai bi hanyar masallaci da sandarsa shi kaɗai, yana sa a kafa itace biyu a tsakar gida don mai shanyewar jiki ya dafa ya koyi taku, yana sa mai walda ya gyara keken gurgu ya yi masa tayoyin da za su jure rairayin Tawa da tsakuwar fako. Babban amfanin wannan mutum shi ne ya san abin da ke warkewa, ya tura shi inda ya dace tun da wuri. Yanar ido aiki ne na ɗan lokaci kaɗan, mutum ya koma gani bayan ya shekara biyar ana ja masa sanda. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, idan aka fara ɗaure ta da filasta tun yana makonnin farko, yakan tashi yana gudu tare da sa'o'insa. Ga babbar likitar jaha a Tawa, ga asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ga asibitin yara na CURE da ya fara aiki a Yamai a 2010 don irin waɗannan gyare-gyare; abin da ke hana mutumin ƙauye isa gare su, galibi, rashin labari ne da kuɗin mota da wanda zai tsare gida.

Ta fuskar doka ma ba a bar Nijar a baya ba. Dokar 2 ga Maris 1993 ta shimfiɗa ƙa'idojin kare naƙasassu, har ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu. A watan Disamba na 2019 aka ƙara wata doka kan shigar da su cikin al'amuran jama'a. Naƙasassun da kansu suna da tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa, suna faɗin abin da ke damunsu da bakinsu, kuma a Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdurahaman inda ake koyon rubutun ɗigo da ake karantawa da yatsa. Sai dai tsakanin Yamai da Tawa tafiya ce ta fiye da kilomita 500, tsakanin Tawa da ƙauyen da amalanke kaɗai ke shiga kuma akwai wata tafiyar, kuma doka ba ta da amfani ga wanda bai taɓa jin labarinta ba. Shi ya sa ya fi dacewa lakwal ɗin garinsu ta karɓi yaro gurgu ko kurma, a sassauta masa matakala, a zaunar da shi gaba, a koya wa malaminsa yadda zai bi da shi, maimakon a jira ranar da za a gina masa makaranta tasa.

Abin da ya rage shi ne a waiwayi ita mai jinyar, domin duk wani tsari a kanta yake tsaye, kuma ran da ta kwanta majinyata sun zama biyu. Buƙatunta ba su fi ƙarfin unguwa ba. Tana buƙatar wadda za ta karɓe ta yini guda a mako, ta samu ta je kasuwa ko biki ko gaisuwar mutuwa kamar sauran mata. Tana buƙatar a kawo mata ruwa. Tana buƙatar jarin sana'ar da za ta yi daga zaune. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jahar Maraɗi a 1991 ya bazu cikin ƙasa, yana da akwatin agaji ban da na rance, kuma ba abin da zai hana a sa irin waɗannan mata a gaba wajen rabonsa. Haka nan limamai da masu unguwa suna iya ƙidaya gidajen da ke da naƙasasshe, ta yadda idan lokacin fitar da zakkar hatsi ya zo za a san ƙofar da za a nufa, maimakon a bar ta ga wanda ya fi ƙarfin murya a bakin titi.

Ku kuma 'yan'uwa Adarawa da ke Abijan da Ikko da sauran wuraren biɗa, kun saba haɗa kuɗi ku gina masallaci ko ku haƙa rijiya a garinku, Allah ya saka muku da alheri. Muna roƙonku, a karo-karo na gaba ku ware wani kaso don keken gurgu, da kuɗin motar tsohuwar da za a cire wa yana, da ɗan alawus na wanda zai riƙa zagaya gidaje, da kayan lakwal na yaron da ke riƙe da sandar mahaifinsa. Wanda kuma ya bar majinyaci a gida, idan ya buga waya ya tambayi jikin mai ciwo, to, ya tambayi lafiyar mai jinya, ya kuma aiko mata da rabonta daban.